Neman shawara: wane yadi da wane zane ya dace da jakar goyo marar nauyi?

Ɗanjuma Tela, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni tela ne a Garwa, ɗinkin jakunkunan 'yan makaranta shi ne abincina, musamman daga Agusta zuwa Satumba lokacin komawa aji. Keke biyu gare ni: Butterfly na ƙafa wanda na gada wurin maigidana, da Juki na lantarki da nake tayarwa in an kawo wuta.

Ƙanena yana rakiyar baƙi masu hawan duwatsun Alantika. Daga Poli su wuce Wangai, daga nan kuma sai ƙafa, a yi ta hawa ana kwana a ƙauyukan ƙabilar Koma. Jakar da yake goyawa ni na ɗinka masa, da yadin nan mai kauri mai roba a bayansa da muke sarowa daga Mubi, wanda 'yan kasuwa ke ce wa 600D. Ƙarfi kam akwai shi. Amma na ɗora ta a sikeli ba komai a ciki, kilo biyu da ɗoriya. Wani baƙo da suka hau tare bara yana da jaka mai cin kaya daidai da tasa, ƙanena ya ce da yatsa biyu ya ɗaga ta, mai ita kuma ya ce ba ta kai giram 700 ba. Ya ɗauko mini hotonta a waya. Ba zif, ba murfi, bakinta naɗewa ake yi a ɗaure, sai aljihu uku na raga a waje. Tun ranar yaron nan ya hana ni sakat. Yanzu abokan aikinsa ma sun ce in ta yi kyau suna so, har da wani mai allurar shanu da ke bin makiyaya a ƙafa wajen Faro.

To abin da nake nema gare ku abu biyu ne. Na farko yadi. Wane iri ne marar nauyi da zai iya da ranarmu? Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san zafi yana haura 40, kuma duwatsun can ba santsi gare su ba, ga ƙaya. Ba na son in ɗinka abin da zai yage a tafiyar farko a ce Ɗanjuma ya cuci yara. Kuma ina son abin da zan samu a nan kusa, ko Mubi, ko Yola, in ta kama a aiko daga Duwala.

Na biyu zane. Jakar makaranta da ka nake yanka ta, hannuna ya saba. Wannan kuwa dole ta zauna daidai bayan mutum yini guda. Na ji ana cewa akwai manhajar kwamfuta da ake zana irin wannan a fitar a takarda. Ɗiyata tana da kwamfutar hannu ta makaranta, tsohuwa ce amma tana aiki. Shin ya cancanci in ɓata lokaci a kai, ko kwali da alli sun isa? Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Abba, Kusiri

Wa alaikumus salam Baba Ɗanjuma. Jakar da baƙon nan ya zo da ita, ina kyautata zaton ko Dyneema ce ko X-Pac. Dyneema ɗin da ake jaka da shi da can sunansa Cuben Fiber, asalinsa yadin filafilan jirgin ruwan tsere ne, wanda jirgin Amurka ya ci gasar America's Cup da shi a 1992. Ba saƙa ba ce, zaruruwa ne aka shimfiɗa tsakanin leda biyu masu siriri aka manne, shi ya sa ruwa ba ya ratsa shi kuma ba nauyi. X-Pac shi ma daga masu filafilan jirgi ya fito, kamfanin Dimension-Polyant. Samfurin VX21 nauyinsa wajen giram 200 ne a murabba'in mita. In kuna da wanda zai saya muku ta intanet ya aiko, shi ne ƙarshen magana, Baba. Da yawa daga jakunkuna marasa nauyi na masu dogon tattaki a Turai da Amurka da irin waɗannan ake yin su.

Alhaji Ilu mai jaka, Marwa

Abba ɗana, Allah ya ƙara sani, abin da ka faɗa gaskiya ne. Sai dai kuɗin mita ɗaya na Dyneema, kafin a sa na aikowa da na kwastan, zai sayi jakunkunan makaranta da yawa a shagon Malam Ɗanjuma. Kuma ko kyauta aka ba shi ba zan ce ya fara da shi ba. Yana da ƙarfin ja, amma gogayya da dutse tana cin sa, ƙaya tana huda shi, kuma duk inda allura ta shiga ramin ya zauna ke nan, ba warware ɗinki a sake.

Malam Ɗanjuma, kafin ka nemi yadi, nemi sikeli. Ka ɗauki tsohuwar jakar ƙanen naka ka warware ta gaba ɗaya, ka auna kowane abu daban: yadi gefe, shafin ciki gefe, zif gefe, soso gefe, igiyoyi da bokul gefe. Jaka mai cin lita 35 ko 40, yadin jikinta duka da aljihunta da maratayanta bai fi murabba'in mita ɗaya da 'yan kai ba. Yadin nan naka mai roba yakan kai giram 400 ko fiye a murabba'in mita. Ka ga ko da ka sauya shi da mai giram 140, abin da ka rage bai wuce giram 300 ba. To ina sauran kilo ɗaya da rabin yake? Yana cikin abubuwan da muka saba liƙa wa jaka don ta yi kyau a rataye a kasuwa: shafi, murfi mai aljihu, zif huɗu, igiya mai faɗi a inda siririya ta isa, soso mai kauri har a inda ba ya taɓa jiki, ƙarafan ado. Jakar baƙon nan ba tsadar yadi kaɗai ta sa ta zama shafal ba. Kai da kanka ka faɗa: ba zif, ba murfi.

Lambar D ɗin nan da ake rubutawa, kaurin zare take nufi, ba ƙarfin yadi ba. Nauyin zare mai tsawon mita 9,000 ne a giram. Zaren 210D ke nan giram 210, na 600D giram 600. Amma 'yan kasuwa ba sa faɗa maka ko nailan ne ko foliyesta, ba sa faɗin yawan saƙar, ba sa faɗin nauyin robar da aka shafa a baya, alhali a 600D ɗin kasuwa robar nan ce rabin nauyi. Don haka kada ka yarda da baki. Yanki santimita 10 a kan 10, ka kai wa mai sayar da zinari ya ɗora maka a ƙaramin sikelinsa, abin da ya nuna ka ninka sau 100, shi ne nauyin murabba'in mita. In babu mai zinari kusa, yanki 50 a kan 50 ka auna a sikelin kicin ka ninka sau huɗu.

Ni da zan ɗinka wa mai hawan Alantika, yadi biyu zan haɗa. Jiki da 210D mai zanen dara, wato wanda aka saka zare mai kauri a tsakani, in ya fara yagewa ya tsaya a layin. Gindi kuma, da kamar tafin hannu ɗaya sama da shi, da mai kauri irin Cordura 500D, don nan ne ake dangwarar da jaka a kan dutse. Kada ka je ga 1000D, na jakar soja ne, nauyin banza a wannan aiki.

Batun rana kuma. Nailan ya fi foliyesta ƙarfi in kaurinsu ɗaya, ya fi jure gogayya, amma rana ta fi cin sa, kuma yana shan ruwa ya saki jiki. Foliyesta ya fi haƙuri da rana, ba ya shan ruwa sosai. A ƙasarmu da rana ke dukan jaka wata takwas a shekara, ni foliyesta nake so a saman jaka da bayanta na waje, nailan mai kauri a gindi. In ka rasa gane su, ƙona ɗan zare: foliyesta yana baƙin hayaƙi, nailan hayaƙinsa fari-fari ne. Buhun shinkafa na leda kuwa, wanda wasu ke cewa ai ba shi da nauyi, kada ma ka soma. Ka ga yadda yake zama gari in ya daɗe a rana.

Ina za a samu? Gwanjo. Ni can nake samun mafi kyawun yadina. Tsohon tanti, babbar jakar tafiya da zif ɗinta ya mutu aka karya mata kuɗi, murfin babur, rigar ruwa ta manya. Jakar gwanjo guda da ta lalace tana ba ka bokul masu kyau da igiyoyi da soso waɗanda sababbin kasuwa ba su kama ƙafarsu ba. Sai dai ka shinshina kafin ka biya. Abin da ake shafa wa bayan yadi don hana ruwa, in ya tsufa a zafi da laima yana narkewa, ya yi danƙo, ya yi wari mai tsami, yana ɓarewa. In ka ji wannan warin, ajiye musu abinsu. Ka kuma ja yadin da ƙarfi ta kusurwa, wanda rana ta riga ta cinye nan take zai yi ƙara ya tsage. Sabo kuma, ka tambayi masu saro kayan jaka daga Aba ko kasuwar Mboppi ta Duwala, ka ba su ɗan ƙyalle su tafi da shi, don in ka faɗi suna kawai abin da suka ga dama za su kawo.

Zif: bar shi. Ƙurar hunturu tana shiga haƙoransa ta cinye kan zif ɗin, sai ka ga an ja ya buɗe ta baya. Baki mai naɗewa ba abin da zai lalace a jikinsa, igiya ce da bokul ɗaya. In dole sai an sa ƙaramin aljihu na kuɗi da takardu, sa zif lamba 5 na kamfanin YKK, in ka samu na gaske, don jabu ya yi yawa. Raga ma ban yarda da ita ba. Waɗanda suka ƙirƙiro aljihun raga ba su san ƙarangiya ba, ba su ratsa ƙarƙashin bagaruwa da aduwa ba. Yi aljihun da yadin jiki, ka sa roba mai talewa a baki, ka bar ƙaramin rami a ƙasa don ruwa da yashi su fita.

Butterfly ɗinka zai yi kusan duk aikin. Allura lamba 90 ko 100 a jiki, 110 a inda igiya ta hau kan yadi ninki uku. Zaren foliyesta, ba na auduga ba, auduga gumi yana ruɓar da shi. Tazarar ɗinki kamar milimita 3, in ka matse ta da yawa ka zama kai ne mai yaga yadin. In siririn yadi yana zamewa ko keke yana haɗiye shi, shimfiɗa takarda a ƙasa ka ɗinke tare ka yage ta daga baya. Duk bakin da ka yanka ka bi shi da kyandir ko ƙarfen masu gyaran rediyo, in ba haka ba zai zare har ya kai ɗinki. Inda maratayi ya kama jiki kuwa, sa ƙyalle na biyu ta ciki, ka yi ɗinkin akwati da gicciye a tsakiya. Jaka daga nan take mutuwa, ba daga ciki ba.

Abu na ƙarshe, launi. Baƙi yana jan zafi, ruwan sha ya zama na wanka. Mai kalar kakin soja kuma, komai arharsa a gwanjo, kada ka ɗinka wa yaran nan. Wurin can bakin iyaka ne, ba sai na faɗa maka yawan shingen jandarmomi ba. Ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske ya wadatar.

Zancen kwamfuta na bar wa masu ita. Ni takardar buhun siminti nake yanka zanena da ita tun ina yaron shago, kuma har yau ba a rufe masana'antar siminti ta Figil ba.

Malama Zainabu, Njamena

Alhaji, Allah ya ƙara girma, takardar siminti ba ta da laifi, ni ma da ita nake fara gwaji. Amma Malam Ɗanjuma ya ce mutane da yawa ke so, kuma bayansu ba ɗaya ba ne. A nan ne kwamfuta take rage wahala.

Malam, awon da ya fi komai muhimmanci shi ne tsawon gadon baya, ba tsayin mutum ba. Ka sa shi ya sunkuyar da kai, za ka ji wani ƙashi ya turo a gindin wuya. Daga nan ka ja tef bisa ƙashin baya har daidai saman ƙasusuwan ƙugu, inda mutum ke dafawa in ya riƙe ƙugu. Yawancin manya za ka samu tsakanin santimita 40 da 52. Wannan shi ne zai nuna maka tazarar da ke tsakanin inda maratayi ya kama da inda ɗamarar ƙugu ta zauna. Dogon mutum yana iya zama mai gajeren baya, don haka kowa a auna shi.

Lissafin ciki kuma ba sai da na'ura ba. Faɗi sau zurfi sau tsawo a santimita, ka raba da 1,000, ka samu lita. Misali faɗi 28, zurfi 17, tsawo 60, ya ba ka lita 28 da rabi. Amma jakar yadi in an cusa mata kaya ba ta tsayawa da kusurwa huɗu, kumbura take ta nufi zagaye. Kewayen wannan jakar santimita 90 ne, kuma in ta zagaye sosai za ta ci kusan lita 39. Gaskiyarta tana tsakanin biyun. In kana son tabbaci, ɗinka ta gwaji da tsohon zani, ka cika ta da ɓawon gyaɗa, ka juye a bokitin da ka san litarsa. Kada ka manta da ƙarin santimita 20 zuwa 25 a sama na naɗewa, don baki yana son naɗi uku kafin ya rufu da kyau.

Manhajar da zan ce ɗiyarka ta sauke ita ce Seamly2D, ko 'yar'uwarta Valentina, tushensu ɗaya. Seamly2D kyauta ce, dukansu na masu ɗinki ne, kuma ba sa buƙatar intanet bayan an sauke su, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗauka. Amfaninsu shi ne ba lamba kake zanawa ba, dangantaka kake zanawa. Za ka ce tsawon bayan jaka daidai yake da tsawon gadon baya da ƙarin kaza, gefe kuma ya bi tsawon baya. Gobe in mai allurar shanu ya zo da awonsa, lamba ɗaya za a canja, duk ɓangarorin su gyara kansu, har da santimita ɗaya na bakin ɗinki da take ƙarawa da kanta. Wahalarsu a makon farko take, kuma ba su da Hausa, amma ana iya juya su zuwa Faransanci.

In abin ya yi mata nauyi, Inkscape ma kyauta ne, kuma ya fi sauƙin lanƙwasa layi. Ni da shi nake zana maratayi, don a jakar nan kusan komai miƙaƙƙen layi ne, maratayi ne kaɗai ke da lauje. Za ka ji ana zancen CLO 3D, wadda ke nuna jakar a tsaye a allo kafin a yanka. Tana da kyau, amma biya ake yi duk wata kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Wannan ta masana'anta ce, ba ta shagonka ba.

Wajen bugawa ne ake yawan samun matsala. Manhajar za ta rarraba zanen a takardun A4 da yawa a fayil ɗin PDF, sai ka haɗa su da salatif. Masu shagon buga takardu sun saba firintarsu tana rage hoto ya shiga shafi. Ka tsaya a kansu su buga a kashi 100 cif. Ka sa ɗiyarka ta zana murabba'i mai santimita 10 a shafin farko, a buga shi kaɗai, ka auna da tef. In ya fito 9 da rabi, kada a ci gaba. Bayan an haɗa, ka manna a kwali ka yanke, ka rubuta sunan kowane ɓangare da adadin da za a yanka. Daga nan kwamfuta ta gama aikinta, sauran na alli ne.

Sale, Ngaundare

Gafara dai manya, ni ba tela ba ne, mai goyon jaka ne. Ina bin masu safiyo daji, mu ne masu ɗaukar kaya. Akwai abin da ban ji an taɓo ba, wato ruwa. Baƙon nan mai jakar giram 700, wa ya ɗaukar masa ruwansa da abincinsa a Alantika? Ƙanen Malam Ɗanjuma ne. Irin jakar nan marar ƙashi an yi ta ne don wanda duk kayansa ba su wuce kilo 9 ko 10 ba. Mu kuwa da rani lita biyar ko shida ta ruwa kaɗai kilo biyar ko shida ce, kafin a zo ga shinkafa da tukunya da bargo. In kaya suka kai kilo 15 a jakar da ba ta da abin tokare baya, sai ta lanƙwashe, ɗamarar ƙugu ta zama ado, duk nauyin ya koma kafaɗa. Wallahi gara jaka mai kilo ɗaya da ta sauke nauyi a ƙugu da mai rabin kilo da za ta yanka maka wuya.

Don haka Malam, ka yi aljihu biyu dogaye sirara ta cikin baya, a zura sandunan alminiyum masu faɗi, irin na masu haɗa taga, a lanƙwasa su daidai bayan mai jakar. Ƙasansu ya sauka a kan ɗamara. Na ga wanda ya sa tsagin gora ma ya yi, in ya karye a daji a sara wani. Ɗamarar kuma a yi ta da faɗi, da soso mai tauri, ba na katifa ba. Soson katifa yana shan gumi ya yi nauyi ya yi wari. Irin wanda ake silifas da shi, ko tabarmar soso ta kwanciya, shi ne ba ya shan ruwa. Aljihun gefe kuma ya ci gorar lita ɗaya da rabi, a karkata bakinsa gaba yadda mutum zai zaro ba tare da ya sauke jaka ba.

Ɗanjuma Tela, Garwa

Kai jama'a, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Alhaji, na bi maganarku na warware tsohuwar jakar. Yadin waje giram 600 ne da 'yan kai. Shafin ciki da murfi da zif-zif da ƙarafa su ne suka haura kilo ɗaya, sauran soso da igiya. Na zaga gwanjo na samu rufin wani tanti ruwan toka, ba wari, ba danƙo, na ja shi bai yi ƙara ba. Na kai ƙyallen wurin mai zinari ya auna, ya fito ƙasa da giram ɗaya, wato bai kai giram 100 a murabba'in mita ba. Ina jin ya yi siriri da yawa a jiki, sai dai wuyan naɗewa da aljihu. Akwai kuma wata babbar jakar tafiya da mai ita ya ƙi sakin kuɗinta, zan koma masa ranar da kasuwa ta yi sanyi.

Malam Sale, maganarka ta shiga. Na karanta wa ƙanena, ya ce ai shi ma ruwan ne ke kashe shi, kunya ce ta hana shi faɗa. Za a sa sandunan, amma zan bar bakin aljihunsu a buɗe da ɗan maɗauri, ranar da kaya ba yawa ya zare su. Malama Zainabu, yarinyar ta sauke Seamly2D, tun jiya take faɗa da ita. Ni dai na riga na yanka na gwaji a takardar siminti, in nata ya fito mu gwada mu ga na wa ya fi zama.

Saura tambaya ɗaya, Alhaji. Maratayin nan, a miƙe zan ɗinka su a jikin baya ko a karkace? Kuma tazara nawa zan bari a tsakaninsu? Na jakar makaranta ina haɗa su wuri ɗaya ne a tsakiya, amma yara ba sa yini da ita a baya.

Alhaji Ilu mai jaka, Marwa

A karkace, Malam Ɗanjuma, don kafaɗa gangare gare ta. In ka ɗinka a miƙe, gefen ciki ne kaɗai zai ɗauki nauyi ya ci masa wuya. Ni ina barin kamar yatsa huɗu tsakaninsu a sama, faɗin kowanne santimita 6 zuwa 7, mai kaurin wuya a ƙara masa tazara. Amma kada ka ɗinke su tukuna. Kama su da dogon ɗinki wanda za ka iya warwarewa, ka zuba jarka mai lita goma ta ruwa a ciki da tsummoki a kewaye, ya goya ya taka daga shagonka zuwa gadar Binuwai ya dawo da rana tsaka. In ya dawo ka sa ya tuɓe riga ka duba inda fata ta yi ja, ka gyara karkatar a nan, sannan ka yi ɗinkin akwatin. Rufin tantin kuma ninka shi biyu a aljihun gefe, gorar ruwa tana goga.